Windows 10 Ta Daina Samun Faci: Yadda Za Ka Riƙe Tsohuwar Kwamfutarka Ba Tare Da Ka Bar Ƙofa A Buɗe Ba

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta a Yulin 2015. Washegari duk wanda ya kunna kwamfutarsa ya tarar da ita yadda ya bar ta: ta tashi lafiya, fayiloli suna nan, firinta tana bugawa. Shi ya sa mutane da yawa suka ce to, ina abin tayar da hankalin? Suka ci gaba da harkokinsu.

Ni ban ga laifinsu ba. Na'urar da ka saya da guminka, hannunka ya saba da ita, ba ta taɓa ba ka kunya ba, ba ƙaramin dalili ne zai sa ka jingine ta ba. Haka aka yi lokacin da wa'adin Windows XP ya cika a Afrilun 2014, haka aka sake yi da Windows 7 a Janairun 2020. Abin da nake so mu bambance tun farko shi ne, abu uku ne a gabanka: akwai ita kanta na'urar, akwai babbar manhajar da ke tafiyar da ita, akwai kuma aikinka da ke ciki. Na'urar tana iya ƙara shekaru tana aiki. Aikinka dole ya tsira ko ta halin ƙaƙa. Babbar manhajar ce kaɗai wa'adinta ya cika, kuma ita ce za mu yanke shawara a kanta.

Me ya tsaya, me ya ci gaba

Duk Talata ta biyu a wata Microsoft yakan fitar da facin tsaro, wato gyaran ɓarakar da aka gano a cikin Windows. Wannan facin ne ya tsaya. Haɗarinsa kuwa ba na rana ɗaya ba ne, taruwa yake yi wata bayan wata.

Ga yadda abin yake. Windows 10 da Windows 11 'yan gida ɗaya ne, yawancin kayan cikinsu iri ɗaya ne. Idan aka toshe wata ɓaraka a Windows 11, masu kutse sukan sauke facin, su kwatanta fayil ɗin da aka gyara da wanda ba a gyara ba, su gano daidai inda tsagar take. Daga nan sai su juya kan Windows 10, inda ba mai zuwa ya toshe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan duk wata ana nuna masa sabuwar tsaga.

An ga irin wannan a Mayun 2017, lokacin da manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Facin da zai hana ta shiga ya fito tun watan Maris, kwamfutocin da ba su ɗora shi ba ne suka sha wuya. Abin ya yi muni har Microsoft ya fitar wa Windows XP faci na gaggawa, alhali shekara uku ke nan da daina kula ta. Irin wannan alfarma ba abin dogaro ba ce.

Wani zai ce ai yana da manhajar kashe bairos. Gaskiya ne Microsoft Defender zai ci gaba da samun sabbin bayanan barazana a Windows 10 har Oktoban 2028, kuma wannan yana taimakawa. Amma aikin mai gadi daban, gyaran katanga daban.

Sai ɓarna ta biyu, mai tafiyar hawainiya: sauran manhajoji sukan yi ƙaura ɗaya bayan ɗaya. Chrome ya tsaya a kan lamba 109 ga masu Windows 7 a farkon 2023, Steam, manhajar wasannin kwamfuta, ya bi sahu a Janairun 2024. Ranar da burauzarka ta daina sabuntawa, ranar ce shiga intanet da wannan kwamfutar ya zama ganganci.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramar taga za ta nuna maka zubin da kake kai. 22H2 kake nema, shi ne zubin ƙarshe na Windows 10. Idan kana ƙasa da shi, shiga Windows Update ka hau shi tukuna, don kusan duk abin da ke tafe a kansa ya rataya.

Sake danna Windows da R, ka rubuta msinfo32. Abu uku za ka kwafa a takarda: sunan furosesa, yawan RAM, da abin da aka rubuta a gaban BIOS Mode, ko UEFI ko Legacy. BIOS ita ce ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta tashi; UEFI sabon tsarinta ne, Legacy kuma na da.

Sannan ka yi wani aiki da ba na fasaha ba, wanda a ganina ya fi duk na sama amfani. Ajiye takarda a gefen kwamfutar tsawon mako guda, duk manhajar da ka buɗe ka rubuta sunanta, duk na'urar da ka jona ka rubuta. Galibi jerin ba ya wuce shida ko bakwai: burauza, manhajar rubutu, mai buɗe PDF, mai kunna bidiyo, firinta. A cikinsu za ka ga guda ɗaya da ta ɗaure ka, wataƙila tsohuwar manhajar lissafin kuɗi, ko sikana da direbanta ya tsufa. Mutane da yawa da ke cewa ba za su iya rabuwa da Windows 10 ba, da wannan abu ɗaya ne ba za su iya rabuwa ba. Idan ka gano shi, ka rage rabin wahalar.

Mataki na biyu: kwashe kayanka kafin ka taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka shiga BIOS, kafin ka girka wani abu, fayilolinka su zama suna wuri biyu ban da cikin kwamfutar: ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko wani faifan na dabam. Faifan wajen kuma ka zare shi idan ka gama, domin manhajar garkuwa tana kulle duk abin da ta tarar a jone.

Na taɓa zama da wani yayana da ya ce ya kwashe komai a filash kafin a goge masa kwamfuta. Da muka soka filash ɗin a wata na'urar, sai ga sunayen manyan fayilolinsa duka, kowanne da 'yar kibiya a kusurwa, kowanne bai wuce kilobait biyu ba. Gajerun hanyoyin da ke fuskar kwamfutar ya kwafa, ainihin takardun suna can cikin faifan da za a goge. Ya yi shiru yana kallon allon, hannunsa a kan haɓa. Allah Ya taimaka ba a riga an goge ba. Tun daga ranar ban yarda an yi ajiya ba sai an buɗe ta a wata kwamfutar, an ga hoto ya fito, takarda ta buɗe, girman fayilolin ya yi daidai da na asali.

Documents, Pictures, Desktop da Downloads kowa yana tunawa da su. Waɗanda ake mantawa su ne kalmomin sirri da shafukan da ka adana a burauza, lambobin lasisin manhajojin da ka saya, fayilolin imel na Outlook masu ƙarewa da .pst, da bayanan da wasu manhajoji ke ɓoyewa a nasu lungun. Manhajar lissafin kuɗi musamman, nemi wurin da take fitar da kwafin ajiya daga cikinta, kada ka dogara da kwafe babban fayil ɗinta kawai.

Abu na ƙarshe a nan, kuma kada ka tsallake shi: duba ko faifanka yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows. Idan yana kulle, akwai mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda sau da yawa yana ajiye a asusunka na Microsoft. Nemo shi, ka rubuta a takarda. Canza saitin BIOS yana iya sa kwamfutar ta nemi wannan mabuɗin kafin ta tashi, kuma in babu shi, babu mai iya buɗe maka faifan.

Mataki na uku: tabbatar ko da gaske ba za ta ɗauki Windows 11 ba

Hawa Windows 11 kyauta ne ga mai halastacciyar Windows 10, sai dai akwai sharuɗɗa: RAM gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, UEFI mai iya Secure Boot (saitin da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da kwamfuta), TPM 2.0, da furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen jerin 2000 zuwa sama, in ban da 'yan tsiraru. A taƙaice, yawancin kwamfutocin da aka ƙera daga 2018 sun cika su.

Sauke PC Health Check daga shafin Microsoft ka gwada. Idan ta ce a'a, kada ka tsaya a nan, karanta dalilin. In furosesa ne, magana ta ƙare. In kuwa TPM ne ko Secure Boot, akwai sauran fata, domin a kwamfutoci da yawa, musamman na tebur, TPM ɗin yana nan a kashe kawai. TPM ɗan sashe ne da ke adana mabuɗan sirri nesa da hannun manhajoji, kuma a sababbin furosesoshi a cikinsu yake.

Kashe kwamfutar, ka kunna kana danna maɓallin shiga BIOS, yawanci F2, F10 ko Delete, gwargwadon wanda ya ƙera ta. A ɓangaren Security ko Advanced, nemi PTT idan Intel ce, ko fTPM idan AMD ce. Kunna shi, ka adana, ka fita. Idan Windows ta tashi, rubuta tpm.msc a tagar nan ta Windows da R, ka duba ko ta nuna 2.0. Na ga kwamfutar da mai ita ya riga ya fara tambayar farashin sabuwa, aka kunna wannan saiti ɗaya, cikin minti biyar jan gargaɗin ya koma kore.

Idan takardarka ta ce Legacy, a yi hattara. Juya BIOS zuwa UEFI kai tsaye zai hana Windows tashi, domin tsarin faifan na da ne. Sai an fara sauya shi da wani kayan aiki da ke cikin Windows mai suna MBR2GPT. Wanda bai saba da rubuta umarni ba, gara ya nemi wanda ya iya, ajiyarsa kuma tana gefe.

Bayan ka hau Windows 11 kana da kwana 10 da za ka iya komawa baya daga Settings ba tare da ka rasa komai ba. A cikin kwanakin nan ka bi jerin takardarka ɗaya bayan ɗaya, musamman firinta da wannan manhajar da ta ɗaure ka.

Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, har Rufus, manhajar da ake shirya filash ɗin girki da ita, tana da wurin yin hakan. Suna aiki, ba na musu. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfutar ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma babban sabuntawar shekara yakan buƙaci ka sake yin dabarar da hannu. Ga mai son gwaje-gwaje a kwamfutarsa ta biyu, babu damuwa. Kwamfutar da abincinka ke kanta, ko ta wani dattijo da ba zai lura faci ya tsaya ba, ban ba da shawara ba.

Mataki na huɗu: sayi lokaci

Idan na'urar ba ta cika sharuɗɗa ba, akwai shirin ƙarin facin tsaro da ake kira ESU. A da kamfanoni kaɗai ake sayar wa irinsa, a Windows 10 ne aka fara buɗe shi ga ɗaiɗaikun mutane. Shiga Settings, sai Update & Security, sai Windows Update. Idan kana kan 22H2 kuma ka ɗora duk facin da ya gabata, za ka ga wurin rajista.

Hanya uku aka bayar a 2025: ka yarda a riƙa adana saitunan kwamfutarka a asusun Microsoft, wannan kyauta ne, ko ka biya da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka biya dala 30 sau ɗaya. Kowacce ka zaɓa sai da asusun Microsoft, kuma rajista ɗaya tana ɗaukar kwamfuta har 10. Lokacin da aka buɗe shi a 2025, an tsara shirin ɗaiɗaikun mutane ya ƙare ranar 13 ga Oktoba, 2026. Kamfanoni suna iya kaiwa shekara uku, a kan dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, farashin yana ninkawa duk shekara, kuma wanda ya shiga a makare sai ya biya na baya.

Facin tsaro kaɗai ake samu, babu sabon abu, babu gyaran sauran matsaloli. Rubuta ranar ƙarewar a inda idonka zai riƙa gani, ka ɗauki watannin a matsayin lokacin shirin ƙaura. Ka kuma duba Office ɗinka: na 2016 da na 2019 rana ɗaya suka daina samun faci da Windows 10, kuma ESU bai shafe su ba. Manhajojin Microsoft 365 ne za su ci gaba da samun facin tsaro a Windows 10 har Oktoban 2028.

Mataki na biyar: bar na'urar, canza abin da ke tafiyar da ita

Wannan ce hanyar da na fi so ga kwamfutar da lafiyarta ƙalau, shekarar haihuwarta kawai ta hana ta. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin takaici ne a zubar da na'ura mai aiki saboda lambar furosesa.

Linux babbar manhaja ce ta kyauta, tana da ire-ire da yawa. Ga wanda ya fito daga Windows, Linux Mint ta fi sauƙin sabo: maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, kamar yadda idonka ya saba. Jerin Mint 22 zai samu faci har 2029. Idan na'urar ba ta da ƙarfi sosai, ɗauki zubin Xfce, ya fi sauƙin nauyi.

Daɗin abin shi ne kana iya ɗanɗanawa kafin ka yanke hukunci. Sauke fayil ɗin girki, wanda ake kira ISO, daga shafin Linux Mint na asali. Samo filash mai gigabait 8 wanda babu komai mai muhimmanci a ciki, don za a goge shi. Yi amfani da Rufus ko balenaEtcher ka rubuta fayil ɗin a kai. Sake kunna kwamfutar kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, galibi F12, F9 ko Esc, ka zaɓi filash ɗin. Mint za ta tashi daga cikinsa ba tare da ta taɓa faifanka ba.

Yanzu sai ka zauna da ita awa ɗaya ko biyu. Jona Wi-Fi. Kunna bidiyo ka ji sauti. Gwada kyamara da makirufo. Soka firinta ka buga shafi ɗaya. Buɗe takardar aikinka mafi rikitarwa, mai tebura da hotuna, da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ke zuwa tare da Mint, ka ga ko tsarinta ya zauna. Za ka ji ta ɗan yi nauyi, wannan daga filash ɗin ne. In komai ya yi, alamar girkawa tana nan a fuskar allo. In wani abu ya ƙi, zare filash ɗin, Windows ɗinka tana nan yadda ka bar ta.

Gaskiyar da ya kamata ka sani: Microsoft Office na girkawa da Photoshop ba su da zubin Linux. Word da Excel na cikin burauza suna aiki, Chrome da Firefox da VLC da Zoom duk akwai su. Idan abincinka yana kan manhajar da sai Windows, wannan hanyar ba taka ba ce, kada wani mai zumuɗi ya matsa maka. Wanda kuma duk aikinsa a burauza yake, yana iya gwada ChromeOS Flex na Google, shi ma daga filash ake ɗanɗana shi.

Ko wace hanya ka bi, in har yanzu kwamfutar tana kan tsohon faifai mai juyawa, sauya shi da SSD, faifai mai sauri wanda ba ya juyawa. Babu gyaran da ke dawo wa tsohuwar na'ura da kuzari kamarsa. Ƙarin amfani kuma, idan ka girka Linux a sabon faifan, tsohon yana nan a aljihun tebur da Windows ɗinka cikakkiya.

Mataki na shida: idan dole ka zauna babu faci

Akwai wanda duk hanyoyin nan ba su fisshe shi ba: injin yanka ko na ɗinki da manhajarsa ba ta san komai ba sai tsohuwar Windows, ko na'urar awo da kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Wannan halastaccen dalili ne. Maganinsa killacewa.

Zare wayar intanet, ka sa kwamfutar ta manta da Wi-Fi ɗin gaba ɗaya. Kwamfutar da ba ta jone da komai, yawancin hare-hare ba su da hanyar isa gare ta. Ƙofar da ta rage ita ce filash, don haka ware guda ɗaya domin ita kaɗai, ka riƙa bincika shi a kwamfuta mai faci kafin ka soka. Idan manhaja ce kawai ta riƙe ka, ba inji ba, gwada girka tsohuwar Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata babbar manhaja a cikin taga, a kan sabuwar kwamfuta, ka kashe mata intanet daga saitin. Tana zaune a cikin taga kamar kowace manhaja, kuma kana iya kwafe ta dungurungum ka ajiye.

In kuwa ba makawa sai ta shiga intanet, to a rage ɓarna. Buɗe asusu na talaka wanda ba shi da ikon girka komai, ka riƙa aiki da shi, asusun shugaba ya zama na lokacin buƙata. Kashe Remote Desktop da raba fayiloli. A cikin Windows Features ka tabbata SMB 1.0, tsohon tsarin raba fayiloli, a kashe yake, ta nan WannaCry ta bi. Cire duk manhajar da ba ta cikin jerin takardarka. Burauza ta zama wadda har yanzu ake sabuntawa. Harkar banki, sayayya da babban imel ɗinka kuma su koma waya ko wata na'urar da ke samun faci, domin imel ɗin nan shi ne mabuɗin sauran asusunka duka.

Ka kiyayi abu biyu da ke yawaita a irin wannan lokaci. Na farko, Windows da wani ya yi wa kwaskwarima ya ɗora a intanet da alkawarin sauƙi ko ƙarin shekaru: ba ka san me ya cusa a ciki ba. Na biyu, saƙon da ke faɗowa a allo da jan rubutu da lambar waya, yana cewa kwamfutarka ta kamu, ka kira yanzu. Saƙonnin gargaɗin Microsoft na gaskiya ba sa ɗauke da lambar waya. Rufe burauzar kawai.

Ranar rabuwa

Idan lokaci ya yi da za ka sayar da ita ko ka ba wani, share fayiloli da hannu bai isa ba, ana iya dawo da su. Fita daga asusunka na burauza da na sauran manhajoji, ka cire lasisin waɗanda ke ƙirga yawan na'urori. Sannan ka shiga Settings, Update & Security, Recovery, ka zaɓi Reset this PC, sai Remove everything. A cikin Change settings ka kunna zaɓin tsabtace faifai. Zai ɗauki sa'o'i, don haka jona ta da wuta ka bar ta ta gama. Idan kuma ta mutu ne ba ta tashi, kwance faifan ka riƙe a wurinka, sauran gangar jikin da batirin ka miƙa su wurin da ake karɓar tsofaffin kayan lantarki.